Wayar da Baba Ya Rubuta wa Hauni

Ba zan taɓa mantawa da hantsin nan ba. Ina shagona a garin Sinnar, nan Sudan, ina auna wa wata mata sukari, sai ƙanwata Zainabu ta kira. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Yaya, Baba ya rasu." Na ci gaba da zuba sukarin har ya zube a ƙasa.

Mahaifina ya yi shekaru yana gyaran injin a filin da jiragen feshin auduga suke sauka, kusa da ƙauyenmu a wajen Wad Haddad. Bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Da ya bar aiki sai ya fara ƙera nasa, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, da katako marar nauyi da injin da wani ɗan'uwa ya aiko masa daga Jidda. Ba ƙarami ba ne. Fikafikansa sun fi tsawon gadon Inna. Shekara biyu yana fama da shi a rumfa, ya bar shi saura haɗa wayoyin wutsiya.

Ranar uku, tsofaffi suna zaune, Baffa Sambo, aminin Baba tun suna yara, ya dubi jirgin ya ce, "Allah sarki. Wanga tsuntsu ba shi tashi ke nan." Ni kuma na buɗe baki na ce zan ƙarasa shi, zai tashi ranar sadakar arba'in. (Ba wanda ya tambaye ni. Kuma abin da na taɓa gyarawa a duniya bai wuce tocila ba.) Maganar ta isa cikin gida. Inna, tana takaba, ta aiko a ce mini ko ba ta gani ba, tana so ta ji ƙararsa in ya bi ta saman gidan.

Na rufe shago na zauna a rumfa. Wayoyi biyu suka fito daga wutsiyar, ɗaya ta hawa da sauka, ɗaya ta juyawa. A jikin ɗaya Baba ya liƙa filasta ya rubuta kalma guda da ajami: hauni. Ɗayar bai kai ga rubuta mata komai ba.

A nan zan faɗi gaskiya. Karatuna duk da Larabci na yi shi. Baba yana yi mini Hausa irin ta kakanninmu da suka taso daga Sakkwato, ni ina mayar masa da Larabci, haka muka rayu. Da na ga "hauni" sai na ce ai daga "hau" ne, wato hawa sama. Har na ji daɗin basirata. Na soka wayar a ramin hawa na na'urar da ke cikin jirgin, ɗayar a ramin juyawa. Na taɓa rimot, na ga wutsiya ta motsa, na ce shi ke nan. Baffa Sambo yakan leƙo kullum bayan la'asar ya ce, "Ɗana, ana bukatar hannu?" Ni kuwa, "A'a Baffa, komai tamam, lafiya lau."

Ranar arba'in, bayan addu'a, aka fitar da jirgin kan hanyar da ta bi gefen tur'a, wato babban magudanar ruwan gonaki. A hagu an kafa rumfar baƙi, liman da dattawa suna shan shayi. Injin ya tashi da bugu ɗaya. Wallahi sai da idona ya ciko, don ƙarar da Baba yake kwatanta mana ce. Jirgin ya sheƙa a guje. Na ja sandar rimot don ya hau.

Bai hau ba. Ya karkata hagu kamar an kira shi.

Na ƙara ja, ya ƙara karkata. Ya shige rumfar baƙi ta tsakiya. Faranti ya yi sama, kofuna suka watse. Wani dattijo da aka kawo da sanda ya yi tsalle ya bar sandar. Fiffike ya ɗebi rawanin liman, jirgin ya fice ta baya yana jan sa, ya faɗa tur'a. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ba wanda ya ji ciwo. Ni ina tsaye, har yanzu ina jan sandar rimot.

Da aka tsamo shi, Baffa Sambo ya buɗe cikinsa, ya karanta filastar, ya bi wayar da yatsa. Ya ɗago.

"Mi ka aza hauni ka nuhi?"

Na ce, "Hawa, Baffa."

"Hawa! La ilaha illallahu. Hauni hagu na, ɗan nan. Shimal, da Larabcin naku! Kwana talatin ina zuwa ina tambayar ka!"

Liman, kansa ba rawani, ya ce, "To ai jirgin bai yi laifi ba. Abin da marigayi ya rubuta ya bi." Sai dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi ana share hawaye.

Cikin gida ne ya fi mini wuya. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Sau nawa ubanka ya buge maka hannu a kan akushi yana cewa ba a ci da hauni?" Na tuna. Bugun na riƙe, kalmar ban riƙe ba.

Na koyi cewa in ka ga rubutun tsoho, ka nemi tsoho ya karanta maka, musamman in yana zuwa ƙofarka kullum yana roƙon ka tambaye shi. Yanzu duk Juma'ar da na zo gida, Hausa nake yi da Inna, tana gyara mini.

Jirgin yana rataye a rumfa. Fiffiken hauni ya karye, ban gyara ba tukuna. Inna ta fita takaba, kuma har yau ba ta ji ya bi ta saman gidan ba.