Jatau da Kwanon Inna Delu

A ƙauyenmu akwai Jatau, ƙato mai zuciyar kirki, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta. Yana zaune gidan wansa Nomau da matarsa Ladidi. Bara ruwa ya cinye ɗakin uwar Ladidi, Inna Delu, dole ta dawo gidan suruki. Kunya ta hana ta cin abinci: loma biyu, ta ture kwano. Tsohuwa ta yi ta ramewa, abin tausayi.

Wata rana za su gidan suna, Nomau ya ce wa Jatau, "In an yi maka tayi, ka fara cewa ka ƙoshi." Da aka kawo waina, Jatau ya ɗaga murya: "Na ƙoshi! Yaya ne ya ce in faɗa, amma tun jiya rabona da abinci." Nomau ya rasa inda zai sa kansa.

Wata rana Ladidi ta ba shi tuwon dawa ya kai wa Inna. Tsohuwa ta ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi." Shi kuwa Jatau bai san babba na faɗin abin da ba haka ba, sai ya juye wa awaki. Ladidi ta zauna bakin murhu ta yi kuka, don ranar ko loma biyun ba a ci ba.

Wata rana kuma, cikin fushi, ta miƙa masa kwano ta ce, "Kai ma ba ka cin komai a gidan nan sai Inna ta cinye wannan!" Ita kam faɗa kawai ta yi. Jatau ya ajiye wa Inna kwano, ya zauna ƙofar ɗakinta. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, cikinsa sai ƙugi yake.

"Ɗan nan, tashi ka je ka ci abinci."

"An hana ni, Inna, sai kin cinye."

"Na ce na ƙoshi."

"To, Allah ya kai mu lokacin da za ki ji yunwa. Ina nan."

Ta dube shi, leɓensa duk ya bushe. Ta jawo kwano ta juya baya. Ba don kanta ba ne ai, don bawan Allah ne, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Ta cinye tas har da suɗe yatsu.

Da ya ɗauki kwano zai tafi, ta kira shi a hankali: "Jatau, gobe ma ka ce ta hana ka."