Ƙwan Zabin Da Na Yi Wa Kwanci Kwana Ashirin Da Takwas

Ba zan taɓa mantawa da daminar shekarar riƙon ƙwarya ba, lokacin da kowa yake maganar zaɓen da ke tafe, ni kuma maganar 'yan tsaki nake yi. Muna da wani taro da muke yi wata-wata, mu masu ƙere-ƙere da masu bincike na yankinmu: masu gyaran salula, masu haɗa wutar rana, malaman gona biyu, da wata likitar dabbobi da muke kira Madam Rabi. Wannan wata a Gidan Rumji, wancan a Gazawa, na gaba a Agiye. Al'adar taron ita ce a sha shayi, a karɓi lambar juna, sannan mutum ɗaya ya nuna abin da ya ƙera.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, amma zuciyata tana wajen wayoyi da batir. Na samu mataccen firji, na sa masa ƙwan lantarki da ƙaramar fanka da ma'aunin zafi, na jona shi da wutar rana, na ce ga na'urar ƙyanƙyasa. A taron Gazawa na miƙe na yi alkawari da babbar murya. Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake yi, taronmu na gaba kuma ya faɗa daidai ranar, a Agiye, a gidana. Na ce su zo su ga tsaki suna fasa ɓawo a gaban idonsu (ba wanda ya tambaye ni, ni na ƙara da cewa har kaza sai ta ji kunya). Madam Rabi ta ce za ta zo da Inna Haule, shugabar wata ƙungiyar mata masu kiwon zabi a Sae Sabuwa. In tsohuwar ta gamsu, ƙungiyar za ta sa in ƙera musu guda biyu. Shekara uku ina neman wanda zai ɗauki aikina da muhimmanci, ga shi ya zo.

A tashar Gazawa, ina jiran mota ta cika, na ga wata mata da faranti cike da ƙwan zabi. Na taɓa ɗaya na ji ɗumi. Raina ya yi fari, na ce wannan yanzu zabuwa ta tashi daga kansa. Na kwashe talatin. Matar ta yi ta sa mini albarka, ta kuma ƙulla mini yaji har ƙulli huɗu. Na yi godiya, na ce a raina mutanen Gazawa akwai karamci.

Daga ranar na zama kaza. Sau uku a yini nake juya ƙwan nan, kowanne da alamar fensir a gefensa, ina rubuta zafin a littafi. Na hana matata Hadiza ko leƙa ɗakin, na ce aikin kimiyya ba ya son yawan hannu (ita ce fa ta girma cikin kaji, ni a littafi na san su). A mako na uku ta ce tana jin wani wari. Na ce mata haka rai yake yi in zai fito. Ta dube ni, ta ɗauki tsintsiyarta ta wuce.

Ranar taro mutum kusan ashirin suka cika tsakar gidana. Inna Haule ta taso tun asuba, ta canza mota sau biyu. Aka fito da firjin ƙarƙashin rumfa, na yi jawabi na kusan rabin awa, sannan na buɗe ƙofa. Na kusa suka ja da baya saboda abin da ya bugi hancinsu. Muka zuba ido, shiru. Na kanga kunne, shiru.

Inna Haule ta miƙa hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta ɗora kan teburi ta murza. Ƙwan nan ya kama juyawa da sauri kamar katantanwar wasan yara.

"Mushe, ɗana," ta ce, don haka ake kiran malamin lakol a wajenmu, "ina ka samo ƙwan ga?"

Na ce tashar Gazawa, sabo fil, har da ɗuminsa.

"An ba ka yaji?"

Nan ne na tuna da ƙulli huɗun nan. Ta ƙwanƙwasa shi a gefen teburi ta ɓare, ga shi dafaffe, ya yi kore-kore. Wata guda ina kwanci a kan abincin matafiya. Mai gyaran salula na Gidan Rumji ne ya fara, dariya ta kayar da shi daga benci, sauran suka bi. Daga bayan zana ma ina jin ta Hadiza, kuma tata ta fi ta kowa yi mini ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Madam Rabi kaɗai ta daure. Ta ɗauki littafina tana dubawa, ta nuna wa tsohuwar cewa kwana ashirin da takwas zafin bai taɓa kaucewa ba. Inna Haule ta share hawayen dariya da bakin zanenta, ta jawo wata ƙwarya da ta zo da ita lulluɓe da ƙaiƙayi. Ƙwan zabinta ne, ta kawo don a gwada.

"Ka wanke akwatin ga da kyau," ta ce. "Kuma ka bar matarka ta riƙa dubawa."

Wata na gaba tsaki suka fito, Hadiza ce ta fara jin kukansu, kuma na ƙera wa matan Sae Sabuwa na'urorinsu. Abin da na koya bai da yawa: in ka san waya da batir, tambayi wanda ya san kaza, kuma in an ba ka yaji, tsaya ka ji dalili. Har yau duk taron da na je, kafin shayi ya iso, sai na tarar an ajiye mini dafaffen ƙwai ɗaya a mazaunina. Ɓarewa nake yi in cinye, in nemi yaji.