Falon da Ya Ƙi Cika

Labari ya karaɗe unguwa wai mai ɗinkin gidan benen nan ta zautu a mako na biyu na dogon hutu. Wai ta ɗaure yara goma sha bakwai a ƙafar keken ɗinkinta, ta haɗiye tef ɗin awo, ta haye saman kwaba tana ba da umarni da almakashi. To, sharri ake mata, Allah ya sani. Yara biyu kacal aka ɗaure, su ma junansu suka ɗaure. Tef kuwa ba ita ta haɗiye ba, ana dai kan bincike. Sha bakwai ɗin ne kawai gaskiya.

Wanda ya ja mata wannan bala'i taubashinta ne, ɗan gwaggonta, mai tsara layin motoci a tasha. Kowa Sauran-Ɗaya yake ce masa, don kiran fasinja ya kama masa baki. Shi kuma Almakashi yake kiranta tun suna yara. Da aka ba da hutu, ya ga matan benen su biyar sun jigata da 'ya'ya, sai ya ce shi zai kawo sauƙi: uwa ɗaya ta kwashi yaran benen gaba ɗaya, huɗu su huta, a riƙa juyawa. Ya rubuta layi a kwali, ya manna a bakin matakala, ya sa 'yar kawunsa lamba ɗaya. A rana ta uku da hantsi ya zo karɓar godiya, har da sabuwar hula.

"...da gida, da yara? Ya hutun da na samo miki, Almakashi?"

Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa. Ya leƙa falon, sai da ya ja da baya. An kife kujeru an yi gari, labule ya zama tanti, wani yaro yana tuƙa dutsen guga a ƙasa. Ita kuwa tana tsaye bakin keke, goyo a baya, allurai uku a baki. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta soke a ƙyalle.

"Shigo, bawan gidanmu. Shigo ka ga aikin hannunka."

"Bawa kuma? Ni da na 'yanta mata biyar da biro ɗaya?"

"Huɗu ka 'yanta! Ta sama tana barci tun shekaranjiya, har minsharinta nake ji. Ta ƙasa ta tafi ganin dangi. Ta kusa da ni ta leƙo ɗazu, fuska fes, wai ko ina da abin yanke farce, zaman banza ya ishe ta!"

"To ai gobe layinki ne na hutawa."

"Haka ka ce shekaranjiya. Je ka ciro kwalin nan ka karanta mini abin da ka rubuta a ƙasa, in dai ka iya karanta rubutunka."

Bai buƙaci cirowa ba, ya haddace. Ya gyara hula, ya faɗa da ƙasaita: "Ta biyu ba ta lodi sai ta farko ta cika. Dokar tasha ce. Shekara goma sha biyar da ita nake aiki, direba bai taɓa marin direba ba."

"Nawa ne cikar?"

"Yaran benen nan sha takwas ne. Da kaina na ƙirga."

"Ƙirga yanzu."

Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ɗaga labule ya ƙara biyu, ya duba bayan ƙofa. Sha bakwai. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Sauran ɗaya!"

"Allah ya isa tsakanina da wannan baki naka! Ɗan ta ƙasa ya tafi gidan kakarsa tun ranar farko, ba zai dawo ba sai an koma makaranta. Kullum da safe sai su turo mini yara, in na yi magana su nuna kwali, wai ban cika ba. Ni mota ce? Kana ganin taya a jikina?"

"Taya dai babu, amma hon ɗin nan naki ko tirela..."

"Ƙarasa! Ƙarasa in ɗinke maka leɓe da zare biyu!"

Ya so ya yi dariya, amma ya ga idonta ya kaɗa da gaske. Ta figo wata riga ruwan toka daga kan keke ta ɗaga masa.

"Ka san ta wace ce? Ta shugabar makaranta. Ita ke ba ni ɗinkin kayan ɗalibai duk shekara, da shi nake riƙe gidan nan. Da la'asar za ta aiko, gobe za ta yi tafiya. Ta ce in na saɓa wannan karon ta canza tela. Hannu nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"Ina ɗayan?"

"Ki ce mata sabon yayi ne. Manyan mata yanzu hannu ɗaya suke sawa, ɗayan su bar shi ya sha iska."

"Kai ne za ka sha iska. Tun kana yaro haka kake. Kai ne ka taimaka wa Gwaggo da wanki ka shanya kayan a kan kaji."

"Ke kuma wa ya yi wa Kawu wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya yi wata guda yana tafiya a karkace don kada ki ji kunya?"

"Ya sa dai! Kai wa ya taɓa sa shawararka ya fita lafiya?"

Goyon ya miƙo hannu ta kafaɗarta ya cafke sabuwar hular, ya cusa a baki. Sauran-Ɗaya ya buɗe baki zai yi ƙara, sai ya ga tana kallonsa, irin kallon da take wa yadi kafin ta yanka. Ya maida bakinsa ya rufe.

"Ɗan Gwaggo, kai ba a benen nan aka yaye ka ba?"

"An yi haka. To sai me?"

"Kuma hankalinka ya wuce na ɗan shekara shida?"

"Wannan kuma cin fuska ne."

"Zauna nan." Ta danna shi kan kujera tsakanin yara biyu masu majina. Ta nuna su da almakashi tana ƙirgawa da ƙarfi, don na sama da na ƙasa su ji. "Sha shida, sha bakwai, sha takwas! Ta cika! A tasharku, mota in ta cika me take yi?"

Ya amsa a hankali: "Tashi take."

"To tashi. Filin ƙwallo yana nan bayan layi. Kada in ga ƙeyar kowa sai rana ta yi sanyi. Gobe kuma ta sama ce da lodi, kai za ka buga mata ƙofa da bakinka."

"Ina da aiki a tasha, 'yar Kawu!"

"Ni wasa nake da shi a nan?"

Yara suka ji an ce ƙwallo, suka yi kansa kamar ƙudan zuma. Ɗaya ya haye wuyansa, biyu suka rataye a hannuwansa. A nan ne ya ga hannun rigar shugabar makaranta, ɗaure a goshin wata 'yar ƙarama da ta naɗa kanta kyaftin. Ya kwance, ya kaɗe, ya miƙa mata da hannu biyu, dariya ta ƙwace masa.

"Na bi, uwar ɗakina. Ga hannunki. Hular ma na bar wa maigidan da ke bayanki, ya riga ya sa mata hatimi."

Ta karɓa ba godiya, ta zauna, keke ya fara ƙara. Yana sauka matakala da rundunarsa, ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya.

"Almakashi! In ɗaya ya ɓace a hanya fa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sha bakwai za ka dawo mini da su cif. Na sha takwas ɗin in ya ɓace, ba mai cigiya."