Rawanin Malam Uwaisu a Kan Rumman

"Ina gajiya kuma, tsoho mai ran ƙarfe?"

"Riƙe gaisuwarki. Ke Sauda, zo nan."

Shekarar nan hatsi ya yi tashin gwauron zabi, maganin feshi kuwa sai mai hali. Rumman ɗin bayan gida Malam Uwaisu ya sa wa ido, in ya nuna a sayar a auno gero a kasuwar Dawanau. Bara ƙwaron nan faɗa-wuta ya yi ƙwai a jikin 'ya'yan, tsutsa ta cinye cikinsu tas. Bana jikarsa Sauda ta bi su tun suna ƙanana ta ɗaure galibinsu da farin ƙyalle. Sai yau tsohon ya matsa kusa ya gane ƙyallen.

"Wannan ba rawanina ba ne da nake cigiya tun kafin azumi?"

"Shi ne mana. Naɗi na yi musu. Ga Galadima, ga Madaki, wancan mai tumbin Sarkin Fawa."

"Innalillahi! Rawanin da na auri kakarki da shi?"

"Ai da tsohuwar zuma ake magani. Warin kan nan naka, ƙwaro yana shaƙa yake juyawa."

"Na sake ki! Amaryar da ke yanka wa miji rawani, gobe wuya za ta nema."

"Alhamdu lillahi, na huta. Miji ba haƙori, goro ma sai an daka maka."

"Da me zan je Juma'a, ja'ira?"

"Da sanƙonka. In ba gero, rawanin za ka jiƙa ka sha?"

"Ƙarya kike, tsutsa ba ta tsoron tsumma."

"Gani ya kori ji."

Ta tsinko wanda ƙyalle bai kai kansa ba, ta fasa. Baƙi ƙirin, tsutsa na miƙa. Ta kwance Galadima ta fasa. Jawur, ko tabo babu.

Tsohon ya watsa 'ya'yan a baki, ya daɗe yana mamula. Can ya ƙyalƙyale da dariya, ya cire hularsa ya miƙa mata.

"Ungo. Ga wani can sama kansa a waje, kar a ce ba shi da gata. Kuma na mayar da ke."

Sauda ta karɓe hular ta kama reshe.

"Sai na ga geron tukuna."