Ranar da Tazugena Ya Tsinke a Gaban Bitrus

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na nemi a kori Bitrus ba. Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnan soja ya ce yana son ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha ta ɗauko kofi baɗi, sai aka kafa kwamitin tace 'yan wasa. Aka sa ni ciki don kawai na taɓa kallon wasa sau ɗaya a Legas (shi ma daga can baya, ina cin gyaɗa).

A bakin fili muka zauna, 'yan wasa na atisaye. Na miƙe cikin sabuwar babbar riga na ce ƙungiyar nan ba ta da gobe sai an zubar da tsofaffi, a fara da Bitrus. Mutumin Filato ne, tsohon malamin firamare a Tudun Wada, gajere, ga ciwon gwiwa. Na san in aka cire shi zai bar gidan hukumar wasanni da 'ya'yansa huɗu. Amma daɗin baki ya ɗebe ni.

Alhaji shugaban kwamiti ya dube ni ya ce, "To Malam, tunda ka ce ya tsuhwa, tashi ka amshe ƙwallon ga hannunai mu gani."

Mai hankali zai yi dariya ya zauna. Ni kuwa na naɗe riga a kafaɗa na shiga.

Wallahi ban san hannun ɗan Adam na iya haka ba. Ƙwallon na gabana, sai in ji ta a bayana, shi kuwa ko kallonta ba ya yi. Na kai wawura, na yi tsalle, sai ji na yi ɗas! Tazuge ya tsinke, wando ya kama hanyar ƙasa, ga kwamiti, ga 'yan kallo har da 'yan matan kwaleji.

Bitrus ne ya fara gani. Daga tsakiyar fili ya kurma ihu ya wurga ƙwallon sama. Duk idanu suka bi ta, tana ta tafiya har ta faɗa raga ko ƙarfen bakin ragar ba ta taɓa ba. Fili ya kaure da sowa. Shi kuwa ya tsaya a gabana ya kare ni, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ja wandonka."

Mutumin da na zo raba shi da gidansa shi ya rufa mini asiri.

Da aka zo ƙuri'a, hannuna ɗaya na riƙe da ƙugu, ɗayan na ɗaga sama a bar shi. Tun daga ranar, kafin in ce wani ya tsufa, sai na fara duba tazugena.