Makullin ɗakin saba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar mutuwa Panshekara da wata buƙata a ƙarƙashin harshena ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fatu a Challawa, ni ne mataimakin Oga Bitrus, mai kula da kwamfutoci. Babbar kwamfutarmu, wadda muke kira saba, tana ofishinmu na Bompai, a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Kwamfutocin Challawa ba su riƙe komai ba, ta wata baƙar taga mai koren rubutu, wato taminal, suke shiga sabar. Ta nan ake buga takardar fitar da kaya, kuma babu tirelar da za ta bar get sai da ita.

Sai Allah ya yi wa matar Oga Bitrus rasuwa. Ma'aikata suka cika bas suka je gaisuwa, ni kuwa na ce aiki ya riƙe ni, zan je daga baya (gaskiyar magana, daɗin zama oga na 'yan kwanaki ne ya riƙe ni). Na kuma yi wa manaja alkawari da bakina cewa babu wanda zai dami mutumin nan da maganar aiki har ya gama zaman makoki.

Ran nan da safe kwamfutar da ke wurin sikeli ta fara tsiya. Ta shiga sabar, ana cikin rubutu sai allon ya daskare, can sai ta yanke. Na duba wayar da ta haɗa ta da sabar, lafiya lau. Na aika wa sabar saƙon gwaji, tana amsawa. Na sauya saitin taminal, na sake gwadawa, babu canji. Kwamfuta ɗaya ce tak ke ciwo, kuma duk mai hankali a kanta zai tsaya. Ni kuwa sai na yanke hukuncin cewa laifin sabar ne. Daga inda nake zaune a Challawa na shiga cikinta, na sauya adireshinta na netwok, wato lambar da sauran kwamfutoci ke nemo ta da ita, na danna.

Allona ya yi shiru. Na wanda ke kusa da ni ma ya yi shiru. Kafin in haɗiye miyau, waya ta shigo daga ma'ajiyarmu ta Sharada cewa su ma an yanke su. Hanyar da nake bi in yi gyaran ita na toshe da hannuna, kamar wanda ya datse ɗaki da kwaɗo ya bar makulli a ciki. Sai dai mutum ya je ya zauna gaban sabar a Bompai. Makullin ɗakin kuwa yana wurin Oga Bitrus, ɗayan yana hannun Alhaji mai kamfani, shi kuma yana Umra.

Tireloli suka jeru a get, direbobi sai danna ham suke yi. Manaja ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Na hau babur sai Panshekara. Na tarar an kafa rumfa a ƙofar gida, matan coci suna rera waƙa a hankali. Oga Bitrus na zaune a kan farar kujerar roba, ya rame, idanunsa sun faɗa. Da ya gan ni sai ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ƙanena, ka bar aiki ka zo? Na gode."

"Ya haƙuri, Oga? Allah ya ba ku haƙuri," na ce, muryata na rawa. Ya ɗauka alhini ne.

Ya kai ni wurin mahaifiyarsa, tsohuwa da ta zo daga Kagoro. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dafa kafaɗata ta juya ga matan da ke gefenta.

"Kun gani? Wasu sai an ɗebo su a bas. Ɗana nan shi kaɗai ya zo, cikin rana. Allah ya yi maka albarka."

Aka miƙo mini kunu. Na karɓa, na kasa sha, na kasa ajiyewa. Ina ta lissafin yadda zan ja Oga gefe in yi masa raɗa, sai fasto ya tashi ya yi addu'a. Ana shafa "Amin", wurin ya yi tsit, wayata ta yi ƙara. Cikin sauri na zaro ta don in kashe, yatsana ya amsa, kuma (kaicona) lasifika ya buɗe, muryar manaja ta cika wurin.

"Wai ka karɓo makullin ne, ko kana can kana zaman kashe wando? Direbobi za su cinye ni!"

Kowa ya ji. Tsohuwar ta janye hannunta daga kafaɗata sannu a hankali. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Oga Bitrus bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni abin da na taɓa, na faɗa masa kaina a ƙasa. Sai ya dubi wata ƙofa a rufe a cikin gidan.

"Makullin yana cikin jakar marigayiya," ya ce. "Ita ke ajiye mini, don ni mai yarwa ne. Tun ranar ban shiga ɗakin nan ba."

Na ce a bari, a fasa ƙofar Bompai kawai. Ya girgiza kai ya shiga. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi jajir, ya sa mini makullin a tafin hannu.

"Ka mayar da tsohon adireshin. Kwamfutar sikelin kuma ka duba ko an ba wata kwamfuta lamba irin tata. Je ka, mutane na jira."

Na wuce Bompai. Haka ɗin ne kuwa, gyaran bai ɗauke ni komai ba.

Tun daga ranar ba na taɓa saitin sabar da ba zan iya miƙa hannu in taɓa jikinta ba. Idan kuma aka ce an yi wa wani rasuwa, ni ne na farko a cikin bas, tun ba na buƙatar komai a wurinsa.