Rasuwar Agogon Bangon da Ya Tafi Ya Bar Ni

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, amma cikin saduda ga nufin Ubangiji, ni, tsohon mai tsaron ƙofar masaƙa, nake sanar da 'yan'uwa cikin Almasihu rasuwar agogon bangona, wanda ya tsaya cak ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar karatun Zabura.

Marigayin ya shigo gidana ne ranar da na yi ritaya. Shi ne kyautar da masaƙa ta ga ta dace da mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rufe wa makararru ƙofa. Abokan aiki suka tafa, aka ɗauki hoto, kafin in kai bakin titi sun manta da ni. Shi kuwa bai taɓa mantawa ba. Da asuba ya buga ƙararrawa in durƙusa addu'a. Ya sake bugawa in sha shayi da ƙwayar hawan jini, in ba shukokina ruwa, in ɗauki kujera in zauna bakin ƙofa ina kallon masu wurin zuwa. Da yamma in murɗa masa makulli, mu rera waƙar yabo tare, ni da muryata mai rawa, shi da taƙ, taƙ, taƙ ɗinsa. Tun da uwar 'ya'yana ta koma ga Ubangiji, shi kaɗai ke yi mini magana a gidan nan, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni inda na ajiye takardun gida ba.

Fasto ya sha yi mana wa'azi mu zauna a shirye. Ni da ba ni da wani aiki, sai na mai da shirin ya zama aikina. Na goge farin kwat ɗina na rataye, na zaɓi waƙoƙin jana'izata, har na miƙe a coci na ba da shaida cewa ranar da agogon nan ya tsaya, ni ma tawa ta ƙare. Jama'a suka ce amin. Amin ɗin Fasto ya fi na kowa ƙarfi.

Jinyar marigayin ba ta yi tsawo ba. Ya fara jan ƙafa, yana wani ƙugi kafin ya buga, ranar Talatar kuma ya yi shiru. Na rufe Littafi Mai Tsarki, na yi wanka, na sa kwat, na kira 'ya'yana a waya. Babban ɗana, wanda aiki ya hana shi leƙo ni tun bara, ya iso shayina bai huce ba. Matarsa na biye da shi da jan ido da babbar jaka. Auta ta zo da motar ɗaukar kaya, wai ita ta samu a hanya.

Na raba komai da hannuna, bakina har kunne. Gida da takardunsa na ba babba. Keken ɗinkin uwarsu da rediyo da kujerun falo na ba Auta. Sannan na miƙe a gado, na harɗe hannuwa a ƙirji. Fasto ya yi addu'a, matan coci suka rera duk waƙoƙin da na zaɓa, suka koma farko. Can da la'asar yunwa ta murɗe ni, na buɗe ido na tambaya ko akwai abin taɓawa. Na ga fuskoki iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin ta surukata a lokacin nan ba.

Washegari likita ya duba ni ya ce zuciyata ta fi tasa lafiya. Mai gyaran agogo ya ce wani siririn ƙarfe ne ya tsinke a cikin marigayin, kuma an daina yin irinsa. Fasto ya dafa kafaɗata ya ce, "Baba, ai Ubangiji cewa ya yi ba wanda ya san ranar ko sa'ar." Gaskiya ya faɗa. Da ya faɗe ta ranar da yake zabga mini amin, da yau a kan gadona nake kwana. Don kuwa surukata ta tare ni a tsakar gida, buroshi a hannu, ta ce, "To Baba, yanzu yaya ke nan? Mu fa mun riga mun fara yi wa ɗakin fenti." Aka mai da ni ɗakin ajiya na baya, ni da gawar, tsakanin tsohuwar taya da buhunan siminti. Sun ba da sashen gaba na gidan haya, sun koma inda suka fito. Abin ya yi mini ciwo, ba na ɓoyewa. Na shirya wa mutuwa tsaf, ban bar wa raina ko kujerar zama ba.

Marigayin ya bar makullinsa, da ƙusar da ya rataya a kai, wadda aka riga aka cire, da ɗa da suruka da Auta, dukansu cikin ƙoshin lafiya, wayoyinsu kuma kullum a kashe. Ya bar ni ma, ina tashi addu'a a makare.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan gida, kusa da shukokina. Za a naɗe shi da farin kwat ɗin, tunda shi ya cika alkawari. Fasto zai iya zuwa, amma a roƙe shi kada ya ce amin. Ba a bukatar furanni, kujera ɗaya dai in da hali. Wanda kuma ya samu 'ya'yana a waya, don Allah kada ya ce musu agogo ne. Ya ce ni ne. Ina so in ƙara ganinsu.